Wa Ya Ɗauko Dutsen?

Mu mazauna Zangon Lome ba mu saba da hawan dutse ba. Garinmu a shimfiɗe yake kamar tabarma, in ban da ɗan tudun Tokoin babu abin da zai sa mutum haki daga bakin teku har ƙofar gidansa. Saboda haka ranar da wani ɗan'uwa ya nuna mini hoton wani tsohon birni a bisa kan dutse, can a ƙasar Peru ta Amurka ta Kudu, ya kuma ce mutane suna biyan kuɗi masu yawa su yi tafiyar kwana huɗu a ƙasa domin su gan shi, sai na yi dariya. Na ce, ashe akwai masu sayen gajiya da kuɗinsu, su je kallon kango?

Sunan birnin Macu Piccu. Mutanen Inka ne suka gina shi wajen shekara ta 1450, a zamanin sarkinsu Pacakuti, a kan doron dutse mai tsayin mita 2,430 cikin duwatsun Andis. Ba su san baƙin ƙarfe ba, ba su da amalanke, ba su da doki balle jaki. Duk da haka sun sassaƙe manyan duwatsu, suka jera su ba laka ba siminti, har a wasu bangaye ba a iya zura bakin wuƙa tsakanin dutse da dutse. An zauna a ciki kamar shekara ɗari, sa'an nan aka watse, bayan mutanen Sifen sun shigo ƙasar a 1532 suka karya mulkin Inka. Kurmi ya rufe wurin. Hanyar da masu yawon buɗe ido suke bi zuwa can tsohuwar hanyar Inka ce, tsawonta kamar kilomita 43, tana ratsa wata mashiga mai tsayin mita 4,215, inda iska take yi wa huhu kaɗan.

Ban je Peru ba. Amma gani ya kori ji, mu ma kuwa muna da namu dutsen da namu kangon a nan Togo. Na je na hau, na dawo da wata tambaya wadda ta hana ni sakat, ita ce nake so mu duba tare, ya mai karatu.

Hawan Misahohe

Daga Lome zuwa Kpalime kamar kilomita 120 ne. Tun kafin a isa ake hango Dutsen Agu ta hannun dama, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Togo, mita 986. Na kwana a Zangon Kpalime, da asuba kuwa na kama hanyar da take hawa zuwa Kloto. Mota tana bin hanyar, masu babur ma sun yi ta kirana, amma na ƙudura a ƙasa zan tafi. Inda kwalta ta yi gwiwa sai in yanke ta turbar manoma.

Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ko'ina kore shar. Hazo yana kwance a cikin kwari kamar audugar da aka shiɓe. Na ratsa gonakin koko da na kofi, a ƙarƙashin inuwar manyan rimaye da kwakwar manja, ga ayaba ta sunkuya da nauyin 'ya'yanta. Ruwa yana gangarowa ta tsakanin duwatsu, sanyinsa har haƙori. Malam-buɗe-littafi kuwa, wanda aka san wannan yanki da shi, ban taɓa ganin irinsa ba, wani baƙi da ɗigon fari, wani shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Mutumin da ya tashi cikin ƙura da hayaƙin mota, in ya shiga irin wannan wuri sai ya ji bakinsa ya mutu.

Sai dai ban yi sa'a guda ba gwiwoyina suka fara ƙara. Ba abin da nake ɗauke da shi sai gorar ruwa, amma na zauna a kan dutse ina haki kamar wanda kare ya koro. Ina nan zaune sai ga wata mata tana gangarowa, da babban kwano cike da ayaba a ka, ga goyo a baya, za ta kasuwar Kpalime. Ta gaishe ni da harshen Ewe, ta wuce, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Jim kaɗan sai wani saurayi ya zo ta bayana, shi hawa yake yi, da ɗaurin kwanon rufi a kan gammo. Jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Bai iya juyo da kai ya dube ni ba, da hannu ya amsa sannuta.

Jiki magayi. A wurin nan ne na gane abin da ban taɓa ganewa ba cikin karatu: duk abin da zan gani a bisa dutsen, a kan wuyan wani ya hau.

Abin da na tarar

Misahohe tashar mulki ce da Jamusawa suka kafa a 1890, shekara shida bayan sun ɗora tutarsu a bakin tekun Togo a 1884. Sun zaɓi wurin domin yana tsare mashigar duwatsu, inda hanyar fatake take bi daga bakin teku zuwa Kogin Bolta da ƙasashen arewa. Daga nan aka mallaki wannan yanki duka, har zuwa watan Agusta na 1914, sa'ad da sojojin Ingila da na Faransa suka ci Togo. Jirgin ƙasa bai iso Kpalime ba sai a watan Janairu na 1907. Kafin wannan, tafiyar kwana biyar ko shida ce daga Lome, kuma kowace ƙusa, kowace gangar siminti, kowace kwalbar magani da akwatin harsashi, ɗan alaro ne ya ɗauko, kaya mai nauyin kilo 25 zuwa 30. Wani lokaci har shi Baturen kansa ɗauko shi ake yi, yana kwance cikin raga, mutum huɗu suna tallafe da sandunan a ka.

Yau ga abin da ya rage: tsofaffin bangaye masu kauri, matakala da gansakuka ta rufe, saiwar itace ta tsaga daɓe, ƙadangaru suna shan hantsi a inda aka yi shari'a. A kusa akwai maƙabartar Jamusawa. Na tsaya ina karanta duwatsun. Kowane da sunansa, da shekarar haihuwarsa, da ta mutuwarsa. Da yawansu ba su tsufa ba, ciwo ya ɗauke su nesa da iyayensu, na kuwa ji tausayinsu, gama mutuwa a baƙon wuri ba abin dariya ba ce ga ɗan Zango. Amma na duba gabas na duba yamma, ban ga dutse ko ɗaya mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauko duwatsun ba.

To, ga tambayar. In muka tsaya gaban babban gini na dā muna mamaki, wa muke girmamawa? In kuwa da bulala aka yi ginin, ya halatta mu yi sha'awarsa?

Yadda harshe yake ɓoye mutane

Mu lura da yadda muke magana. Mukan ce Pacakuti ya gina Macu Piccu. Mukan ce Jamusawa sun gina hanyar jirgi. A Kano akan ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Ba ƙarya muka yi ba, amma wane ne a cikinsu ya kwaɓa ƙasa, ko ya ɗora dutse a ka? Kalma ɗaya tak, "ya gina," ta haɗiye dubban mutane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Har a labarin yadda duniya ta san Macu Piccu haka abin yake. Littattafai sukan ce wani Ba'amurke, Hiram Bingham, shi ya gano birnin ranar 24 ga Yuli, 1911. Amma wani manomi na wurin, Melchor Arteaga, shi ya yi masa jagora ya hau da shi. Da suka isa kuwa sun tarar da iyalai suna noma a kan tsofaffin matakalan gonar Inka. Abin da baƙo ya gano, gonar wani ce.

Injiniyoyin da suka binciki Macu Piccu sun ce fiye da rabin aikin yana ƙarƙashin ƙasa: harsashi, da tsakuwa da aka jibge, da magudanan ruwa. Su ne suka hana ruwan sama da girgizar ƙasa zubar da birnin cikin kwari shekara fiye da ɗari biyar. Mai kallo yana ɗaukar hoton bango, abin da yake riƙe da bangon kuwa ba ya fita a hoto. Haka mutanen da suka yi aikin.

Masu gardama suna da abin faɗi

Kada mu yi saurin yanke hukunci, gama akwai masu wata magana, maganarsu kuwa tana da nauyi.

Na fari zai ce, in ba shugaba, babu gini. Dubun 'yan dako ba za su tashi da kansu su tsara birni ba, sai an sami mai hange da mai ba da umarni. Gaskiya ne. Kakanninmu fatake sun san ayari ba ya tafiya sai da madugu, da jagaba mai sanin hanya. Amma madugu na ƙwarai turba ɗaya yake bi da mutanensa, rana ɗaya take dukansu, in 'yan fashi suka tare hanya shi ne a gaba. Ba mu hana shugaba yabonsa ba. Abin da muke tambaya shi ne, don me yabon duka ya zama nasa, wahalar duka ta zama ta waɗansu?

Na biyu zai ce, zamani ne, kada mu auna mutanen dā da mudun yau. Wannan ma da alamar hikima. Sai dai mutanen dā ɗin da kansu sun auna, suka ce bai cika ba. Maƙwabtanmu Ewe suna da labarin kaka da kakanni a kan garin Notse, inda har yanzu ake ganin ragowar ganuwar da suke kira Agbogbo. Sun ce Sarki Agokoli ya tsananta musu da aikin gini, har ya sa aka zuba ƙaya cikin ƙasar da suke kwaɓawa da ƙafa. Sai mata suka riƙa zubar da ruwan wanki a wuri ɗaya a gindin ganuwar har ta yi laushi, aka huda ta da dare, jama'a suka fice suna tafiya da baya da baya domin sawunsu ya ruɗe masu binsu. Kowace shekara a watan Satumba sukan taru a Notse su tuna da wannan. Dubi abin da suka zaɓa su riƙe: ba su riƙe tsayin ganuwar ba, ciwon ƙafar masu kwaɓa suka riƙe. A zamanin Jamus ma, an ɗora wa kowane baligi aikin kwana 12 a shekara a madadin haraji, bulala ashirin da biyar kuwa ta zama abin da aka san mulkin da shi. Mutane da yawa suka tsere zuwa yankin Ingilishi, inda Gana take a yau. A 1913 manyan garin Lome suka miƙa wa ministan Jamus mai kula da ƙasashen mallaka takardar kuka, suna roƙo a daina bulala da ɗaure mutane da sarƙa. Ashe mudun ba na yau ba ne. Wanda ake duka bai taɓa bukatar a jira shekara ɗari kafin ya san da zafi ba.

Na uku zai ce, ai an ci amfani. Hanyar ta kawo kasuwa, koko ya kawo kuɗi, Peru tana samun arziki daga masu zuwa kallo. Hakika an ci amfani, ni ma a kan hanyar na bi. Amma in wani ya ƙwace gonar maraya ya shuka dawa, dawar ta yi kyau, aka yi tuwo muka ci, kyan tuwon bai biya marayan ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa mu ma muka shiga cikin masu bashi.

Gayya da tilas

Ba kowane aiki mai nauyi ne zalunci ba. Bahaushe ya san gayya. Akan yi shela, maza su fito da fartanya, makaɗa su zo, mata su dafa abinci, a nome gonar wane yau, gobe a koma ta wane. Gumin gayya da gumin aikin tilas ɗanɗanonsu ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne. Ina ganin tambayoyi uku ne suke raba su. Mai aikin yana da ikon ya ce a'a? Zai ci daga abin da ya yi? An san shi da sunansa, ko kuwa lamba ce kawai a takardar wani?

Mutanen Inka suna da wani tsari da suke kira mita. Kowane gari yakan ba da ma'aikata bi da bi, sarki kuwa ya ciyar da su ya shayar da su daga rumbunansa. Da wannan aka shimfiɗa hanyoyi na fiye da kilomita 30,000, da gadoji, da rumbunan da suke ceton jama'a a shekarar yunwa. Ya yi kama da gayya. Amma ba mai ikon ƙi, Macu Piccu kuwa masana sun ce gidan hutun sarki ne da iyalinsa. Da mutanen Sifen suka karɓi mulki, sai suka riƙe sunan tsarin, suka zubar da abin da yake na alheri a ciki, suka kora mutane cikin ramukan azurfa na Potosi, inda da yawa ba su komo ba. Tsakanin gayya da tilas tazarar ba ta da yawa. Ranar da mai kiran gayya ya daina fitowa gonar waɗansu, ya kuma sa dogari a bakin ƙofa, gayya ta mutu ko da ana ta kiɗa.

Laifi tudu ne

Ina saukowa daga dutsen zuciyata tana tafasa a kan Bature. Sai na tuna da karin maganar nan, laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Wane ne ya riƙe bulalar? Rundunar 'yan sandan da Jamusawa suka kafa a 1885, da Hausawa aka fara ta. Mutanen kudancin Togo da yawa sun fara ganin Bahaushe ne da bindiga a kafaɗa, yana tsaye a bayan Bature. Tun kafin Bature kuma, ayarin da yake tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja, ya kai kanwa da tufafi ya komo da goro, ba jakuna kaɗai suke ɗaukar kayan ba. Akwai bayi a ciki. Kasuwar Salaga, wadda yaƙin basasa ya watsa a 1892 har fatake suka bazu zuwa Kete-Karaci da Lome da sauran zangogi, kasuwar goro ce, kasuwar mutane ce kuma. Mukan yi alfahari da sunayen madugai, ya kuwa kamata, gama jarumai ne. Amma wa ya san sunan wanda ya ɗauki huhun goro wata uku a ka?

Masu kawo bishara ma ba ta sama suka iso waɗannan duwatsu ba. Akwatunan littattafansu, da ƙararrawa, da katakon majami'a, a kan mutane suka hau. Babbar majami'ar Kpalime da aka gina a ƙarshen zamanin Jamus tana nan tsaye, kyakkyawa. Mun san sunayen ƙungiyoyin da suka aiko da mutane, muna kuwa gode musu. Waɗanda suka ɗauko kayan, ba mu tambaya ba.

Ashe a cikin wannan labari kowannenmu jikan ɗan dako ne, jikan mai ɗora kaya ne kuma. Wannan ya isa ya rage mana faɗin rai, ya kuma hana mu nuna wata kabila da yatsa.

Waɗanda ba su bar kango ba

Da na komo gida na ba wani dattijo a unguwarmu labarin tafiyata. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka yi tafiyar kilomita ɗari ka ga kangon Bature. Ni nawa kangon yana tsakiyar Lome, amma ko na kai ka ba abin da za ka gani."

Na ce, "Baba, wane kango ke nan?"

Ya ce, "Gidan da aka haife ni."

Tsohon Zango yake nufi. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe jama'a zuwa wajen Togblekope, kamar kilomita 15 arewa da gari, inda muke yanzu. A wurin da tsohon yake, manyan benaye na bankuna da ofisoshi ne suka tashi. Gidajen fatoma inda baƙo daga Kano ko Gaya yake sauka a ba shi ɗaki da tuwo, rumfunan mahauta, zaurukan karatu, rijiyoyi, inuwar da tsofaffi suke zama, ba ko ɗaya da ya bar alama. Katako da kwano da jar ƙasa ba sa jayayya da katafila.

Maganar dattijon ta buɗe mini ido. Kango gata ne. Sai mai iko yake gini da dutse, saboda haka sai mai iko yake barin kango. In duwatsu kaɗai za mu tambaya labarin duniya, za su ce mana sarakuna da gwamnoni ne kaɗai suka taɓa rayuwa. Talaka ba shi da bango mai faɗar sunansa. In ba a riƙe shi a baki da zuciya ba, ya ɓace sau biyu.

Ina za a kai bashin?

To, mu daina zuwa kallon kangaye ke nan? A'a. Mu je, mu kai 'ya'yanmu. Sha'awar gini mai kyau ba laifi ba ce, gama gwanintar hannu abin girmamawa ce a duk inda aka same ta. Kangon ma yana taimakonmu. Sa'ad da gini yake raye, tuta da dogari da sunan mai gida su suke cika ido. Da ya zama kango, tuta ta tafi, dogari ya tafi, mai gida yana kwance a maƙabarta, abin da ya rage sai aikin hannun magini. Mutanen da suke tururuwa zuwa Macu Piccu, da yawansu ba su iya faɗin sunan sarkin ba, haɗin dutsen suke kallo. Ko ba su sani ba, mai sassaƙa suke yaba wa. Abin da ya rage mana shi ne mu yi yabon da sani, mu kuma hau da ƙafa in da hali, gama gwiwa takan fahimci abin da ido ya tsallake.

Amma tunawa kaɗai ba ta biyan bashi. Matattu ba sa karɓar lada. Wanda ya ɗauko siminti zuwa Misahohe ya wuce inda kuɗinmu zai same shi. Sai dai ya bar magada, ba su kuwa da wuyar samu.

A kan hanyar Inka hukuma ta ƙayyade mutum 500 a rana, a cikinsu kuwa kamar 300 'yan dako ne da masu dafuwa da masu jagora. Watau masu ɗauka sun fi masu kallo yawa. Su suke wucewa gaba da tanti da tukunya, domin baƙo ya iso ya tarar da shayi da zafi. Sai da aka kafa doka kafin aka rage musu nauyin kaya. A Ankara ana kiran 'yan matan da suke dako a kasuwa kayaye, rabin sunan kuwa kalmarmu ce, kaya. A babbar kasuwar Lome muna ganinsu kullum, mata da 'yan mata daga ƙauyuka, da kwano a ka, waɗansu da goyo, da dare su kwana a bakin rumfuna. A tashar Zango ga masu sauke buhunan albasa da masara daga manyan motoci. A cikin gidajenmu kuma ga yarinyar da aka kawo daga ƙauye, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya.

Mu ɗauki tambayoyin nan uku mu kai su gida. Yarinyar tana da ikon ta ce ta gaji? Tana ci daga tukunyar da ta dafa, tana zuwa makarantar da take raka 'ya'yanmu? Muna kiranta da sunanta, ko kuwa "ke" ce kawai? Mutum zai sayi atamfa ta jaka ashirin bai yi ciniki sosai ba, sa'an nan ya tsaya cikin rana yana ja-in-ja da 'yar dako a kan dala ashirin. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Wanda ya yi haka ba shi da bakin zagin Agokoli, ƙarfin ne kawai bai samu ba.

Ba a ce kowa ya ɗauki kayansa da kansa ba. Dako sana'a ce, da ita ake ciyar da gidaje, hana mutum aikin ma wata cuta ce. Abin da ake nema kaɗan ne, amma yana da wuya ga mai girman kai. A yi jinga kafin a ɗora kaya, a biya ba tare da an sa mutum roƙo ba. Kada a haɗa kayan mutum biyu a kan wuya ɗaya domin a rage kuɗi. A kama a ɗora, a kama a sauke. A ba da ruwa. A tambayi suna, a kuma riƙe shi. In muna gina gida ko majami'a ko makaranta, ranar buɗewa da ake kiran sunayen manyan baƙi da masu ba da gudummawa, a kira na birkila da lebura da matan da suka ɗebo ruwa, a zaunar da su a kan kujera, ba a bayan rumfa ba.

Kwana kaɗan bayan dawowata na sayi buhun masara a tasha. Wani yaro ya zo da gammonsa, muka yi jinga, na kama masa ya ɗora. Na bi shi a baya ina duban wuyansa, sai na ga jijiyoyin nan da na gani a kan dutse. Da muka isa gida na kama masa muka sauke, na sa aka kawo masa ruwa, na tambaye shi sunansa da garinsu. Ya dube ni da mamaki, ya yi shiru, kamar yana tsoron wani laifi ya yi. Sa'an nan ya faɗa mini. Shekara uku ke nan yana kai kaya unguwarmu, in ji shi, ya san ƙofar gidana sarai, ya san sunayen 'ya'yana.